Inda Daɓen Majami'a Ya Yi Baƙi

Waɗanda ke wurin ran nan ba su da yawa, kuma zan faɗe su duka, don kada wani ya zo daga baya ya ce da shi aka yi. Akwai Malam Bulus, malamin 'yan Mishan, mutumin ƙasar Zazzau, da matarsa Saratu. Akwai Ubale magini, wanda ya ɗora ginin tun daga tushe har zanko. Akwai Gwamma kuturwa. Akwai Hajo, wadda ke bi na a wurin aiki, ita kam a waje ta tsaya, ba ta ƙetare dokin ƙofa ba. Sai ni Tsahara, da ake ce wa Uwar Daɓe daga Guci har Dungas. Sai ƙanwata Laure, uwa ɗaya uba ɗaya, tana kwance a tabarma an rufe ta da zanena, ba mu san inda za mu sa ta ba.

Duk sun riga mu gidan gaskiya. Ni kaɗai na rage, shi ya sa da na ji an ba ku aikin zuba siminti a majami'ar Kwarin Giginya na ce a kira mini ku. Ban shiga lekol ba, makarantar boko ke nan. Ina faɗa ne ana rubutawa, kuma na ce a rubuta yadda na faɗa.

An gaya mini ɗayanku ya dubi baƙin wurin nan na gefen mata, jikin bangon arewa, ya ce mai daɓen ba ta iya ba. An ce har ya ƙara da cewa daɓe ai bugun ƙasa ne, ko akuya aka ɗaura wa katako ta yi. Ban tambayi sunansa ba. Ya zauna ya ji.

Madaɓina na ƙirya ne. Goggona, ƙanwar ubanmu, ita ta bar mini shi, ita ma wajen wata tsohuwa ta Kwaya ta gaje shi. Cikinsa ya yi sulɓi kamar bayan ƙwarya, mariƙinsa ya ci hannu har ya yi gurbin yatsu. Kafin Goggo ta bar ni in taɓa shi, na daɗe ina ɗaukar burji a ka daga kwarin da ake haƙarsa, ina tankaɗe, ina jiƙa makuba. Makuba ɓawon ɗorawa ce, in ba ku sani ba. Ƙasarmu rairayi ce, ɗorawa ba ta wadata ba, sai fatake sun kawo ta a jaki daga Ɓaɓura, saboda haka wadda ta zubar da ruwanta a banza ta san abin da za ta gamu da shi.

Ɗakin amarya na farko da na durƙusa a ciki a Kwaya ne, ɗan ƙarami, na 'yar wani mai shanu. An baje jar ƙasa tun jiya, an yayyafa ruwa, an bar ta ta kwana. Uwar amarya sai kai da kawowa take tana cewa a fara, gobe za a kawo jere. Goggo ta dunƙula ƙasar a hannu, ta buɗe, ta ce, "Ba ta yi ba." Ta koma inuwa ta zauna. In ƙasa ta jiƙe da yawa sai ta kama madaɓi, in ta bushe sai ta ƙi haɗuwa. Tsakanin nan akwai ɗan lokaci, ba ya zuwa don ana sauri, ba ya kuma jiran kowa. Da ya zo aka watsa burji, muka durƙusa a jere kafaɗa da kafaɗa, muka faro daga ƙurya muna ja da baya zuwa ƙofa. Waƙar da kuke jin an ce muna yi ba ta nishaɗi ba ce. Don madaɓai su sauka tare ake yin ta. In ɗaya ta yi saurin hannu, wurinta ya yi kwari, ruwa ya kwanta, gara ta sami ƙofa. Da muka kai bakin ƙofa Goggo ta ciro ƙodagon goriba daga bakin zanenta ta jefa, ta kasa kunne. In ya ce ƙwal ya yi tsalle, a tashi, a shiga ba daɓe ruwan makuba safe da yamma har ya ƙoshi. In ya ce dib, kowa ta koma gwiwa. Ran nan dib ya ce.

Dokoki biyu Goggo ta bar mana. Ta farko, daɓe ba ya ɓoye gyara: in an fasa shi an mayar, tabon na nan har ginin ya faɗi. Ta biyu, madaɓin da ya taɓa kabari, da hannun da ya riƙe shi, ba su ƙara shiga ɗakin amarya ko na mai jego. Wannan ba a littafi take ba, malamai ba su san da ita ba, dokar mata ce. An ce wata ce ta taɓa taya masu jana'iza daddale ƙasa da nata, amaryar da ta yi wa ɗaki bayan nan ba ta ga haihuwa ba. Ko haka ne ko ba haka ba ne, ba uwar da za ta gwada a kan 'yarta. Kuma abincin mai daɓe a ɗakin amarya yake. Sauran aiki, gindin rumbu da zauren 'yan gyaɗa, lasar hannu ne kawai.

Laure a bayana ta koya, ta kuma fi ni hannu, ba na ɓoyewa. Tana cikin gidan aurenta kuturta ta bayyana mata. Mijin ya ba ta takardarta, matan da muke aiki tare suka ce ba su cin tuwo ƙwarya ɗaya da ita. A lokacin wani Bature mai magani ya sauka a tudun da ke bayan garinmu, domin kumandan, Baturen mulki na Magariya, ya ce ya zauna, amma ba cikin gari ba. Yana yi wa kutare allura. Laure ta tafi neman magani, ta zauna, daga baya muka ji ta shiga addininsu. Ban je na ja ta ba, ban kuma daina kai mata fura ba.

Shekarar da aka gina majami'ar ita ce shekarar da fara ta sauka mana gero yana cikin kumburi. Ta tashi ta bar kara tsaye. Duk da haka gardi, dogaran kumandan, suka zo karɓar lanho, harajin Faransa, suka kwashi majiya ƙarfi zuwa aikin dole na hanyar mota. Waɗanda suka tsira suka ƙetara ƙasar Ingilishi da iyalansu. Ba wanda ya yi aure, ba wanda ya ta da ɗaki. Madaɓina ya rataye har gizo-gizo ya yi saƙa a kansa. A nan ne Baturen ya ce zai yi ɗakin ibada, duk wanda ya yi aiki a auna masa gero.

Ubale masallaci da zaure ya iya, su ya yi duk rayuwarsa. Tubali kutare da mata suka cura masa, ya ja bango mai kaurin da jariri zai kwanta a kansa, da 'yan tagogi tsukakku can sama saboda zafi. 'Yan Mishan suka ce ba su son ginshiƙi a tsakiya, suna so kowa ya ga mai wa'azi. Azara kuwa ba ta ƙetare abin da ya wuce tsawon gaba guda da ɗan wani abu ba ta lanƙwasa ba. Sai ya ta da bakan gizo daga bango zuwa bango, yana ɗora azara bisa azara, yana ɗaurewa da igiyar kaba, yana yaɓewa, yana jira ta bushe kafin ya ƙara. Ku ɗaga kai in kun shiga, suna nan, ba wanda ya tsage. Ana cikin rufi ciwo ya kayar da Baturen, aka ɗauke shi a mota, ya bar wa Malam Bulus wurin.

Wata safiya Malam Bulus ya tsaya gaban bangon gabas ya ga Ubale ya fitar da ɗan lungu.

"Ubale, wannan fa na mene ne?"

"Na liman mana. Ko naku a tsakiyar mutane yake tsayawa kamar mai tallan goro?"

"Ba mu ce ka yi ba."

"Ni dai ban iya ɗakin Allah marar alƙibla ba, Malam. In rushewa za a yi, a nemo wani."

Malam Bulus ya dubi lungun. Ya ce tasu ta Zazzau ma gabas take kallo, a bar shi, a nan za su sa tebur. Lungun da kuke gani ke nan. Mutanen gari kuwa tun daga ran nan suke ce mata masallacin Nasara.

Daɓenta shi ne mafi girma da na taɓa karɓa, kuma daɓe irin wannan a rana ɗaya ake gama shi, in aka bar rabi ya kwana sai ya tsage a mahaɗa. Na bi gida gida ina gayya. Hajo ta tare ni a bakin rijiya.

"Tsahara, masallacin Nasara za mu daɓe?"

Na ce, "Ƙasa za mu daɓe. Ƙasar ta Allah ce, geron kuma cikin 'ya'yanki zai shiga."

Suka zo da yunwarsu. Muna jeruwa sai ga Laure da wani tsohon madaɓi, ta sa Gwamma ta ɗaure mata shi a wuyan hannu da tsumma, don yatsunta na dama sun riga sun tafi. Wata daga cikinmu ta miƙe ta ce ita ba ta durƙusawa kusa da kuturwa.

Na ce, "To tashi ki je ki durƙusa kusa da rumbunki, in da abin da ke ciki."

Ba ta tafi ba. Na sa Laure a ƙarshen layi jikin bangon arewa, na shiga tsakaninta da sauran. Tun hantsi muke yi har rana ta yi ja. Tsumman ya yanke mata fata, jini ya bi mariƙin, ba ta saki kiɗa ba ko sau ɗaya. Na jefa ƙodago ko'ina, ko'ina ya amsa. Makubar da ta rage a garin duka muka zuba wa daɓen nan, ya fito ja wur kamar hanta. Bayan ya bushe Ubale ya jera dakalan zama, maza kudu mata arewa, aka kafa gicciyen itace tsakanin zankaye, aka rataya wani ƙarfen mota a jikin aduwa ana bugawa ran Lahadi.

Yunwa ta fi tsanani da damina ta faɗi, sabon gero bai nuna ba. Mutum na farko da ya mutu a tudun wani tsoho ne, Jatau. Maƙabartar gari ba ta karɓe shi ba. Suka haƙa masa a bayan majami'a, cikin rairayi, masu haƙar ma da ƙyar suke ɗaga hauya. Suka tara ƙaya a kai. Shekarar nan kura ta saba da naman mutum, ƙaya ba ta hana ta komai ba. Da gari ya waye Laure da Gwamma ne suka bi sawu suna tsince abin da ya rage a cikin kwando.

Da na kai wa Laure ɗan kunu ran nan, ta ce, "Yaya, kin ga Jatau?"

Na ce na ji.

"Ba na roƙonki komai. Amma kada ki bari kura ta ja ni."

Na ce, "Sha kununki."

Ba a jima ba ciwon ciki ya kama ta, jikin kuwa ba abin da ya rage a cikinsa da zai tare. Ta cika da hantsi. Saratu ce ta zo ta faɗa mini. Mai wankan gawa ta gari ta ce hannunta na ciwo. Ni na wanke ta, Gwamma na zuba mini ruwa da dungulmin hannu. Na rufe ta na tafi wurin liman.

"Allah gafarta Malam, Laure ta rasu. Kusa da uwarmu akwai wuri."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Tsahara, tare muka yi wasan ƙasa da ita. Amma da ƙafarta ta fita, kowa ya gani. In na buɗe mata maƙabarta, me zan ce wa masu maƙabarta?"

"A gefe fa, bayan shinge?"

"Bayan shinge ai daji ne. Ba sai kin tambaye ni ba."

Ban yi masa musu ba. Aikinsa yake yi, kuma ya aiko da ɗan ƙyallen fari daga baya, shi aka ƙara a likkafani. Na koma tudu. An shigar da ita majami'a saboda rana da ƙuda, ga waɗanda na lissafa muku suna tsaye. Ubale ya zo da gatarinsa da hauya ba wanda ya aika masa. Ya ce ko ya haƙa zurfin rijiya a rairayin nan, gefe zai yi ta zubowa, kuma kura ta fi shi ƙarfi bana.

Malam Bulus ya ce, "Yaya Tsahara, Bature ya taɓa gaya mini a ƙasarsu tsofaffin majami'u akwai mutane a ƙarƙashin daɓensu. Ni ban taɓa gani ba. Amma ga bango, ga ƙofa mai sakata, ƙasar nan kuma Ubale ya cika ta da laka, ba rairayi ba ce. In kin yarda a fasa."

Kafin in buɗe baki Hajo ta yi magana daga waje.

"Tsahara, fito ki ji."

"Faɗi daga nan, ina ji."

"In an fasa sai an mayar. Wa zai mayar? Kin san abin da Goggo ta ce. Yunwar nan za ta wuce, a koma aure. Me za ki ci?"

Na ce, "Na ji."

Na nuna wa Ubale wurin, tsakanin dakalin mata na ƙarshe da bangon arewa. Ya miƙo mini gatarin. Ya ce magini ba ya fara sara a aikin wani, aikina ne, ni zan buɗe. Na ɗaga na sara. Gatarin ya yi tsalle ya dawo, ko gezau daɓen bai yi ba. Na sake, ya fitar da ɗan ɓarɓashi kamar na dutse. Ubale ya durƙusa ya shafa wurin.

"Wa ya daɓe nan?"

Gwamma ta nuna Laure a tabarma ta ce, "Ita."

Ya ce, "Kai. Da yatsu ta yi, da sai mun nemo maƙeri."

Sai da muka yi ta karɓa-karɓa da shi kafin ya buɗe, yana ɓallowa fale-fale kamar kasko. Daga nan ya shiga haƙa, yana yi yana hutawa, Malam Bulus da Saratu na fitar da ƙasa a ƙwarya. Ya yi uwar kabari, ya yi 'yar kabari a cikinta. Sai da ya fito Malam Bulus ya lura kudu da arewa ya haƙa, yadda ake yi wa Musulmi. Ya ce su a addininsu ƙafa suke juyawa gabas.

Ubale ya ce, "Malam, hannuna wannan ya iya. Kuma ƙarfin wani ramin ba ni da shi."

Malam Bulus ya dubi ramin, ya dube ni. Ya ce, "Wanda zai tashe ta ya san inda take. A sa ta."

Mata ba su zuwa binne gawa a wurinmu. Wannan ce kaɗai da na taɓa tsayawa a kai, kuma ni na riƙe kan. Muka kwantar da ita a gefen dama tana kallon lungun Ubale. Ya jera guntayen azarar da suka rage daga rufi, don gara ba ta cin su, ya toshe da laka. Malam Bulus ya karanta abin da suke karantawa. Ubale ya juya gefe leɓensa na motsi, ban tambaye shi me yake faɗa ba. Cikon kuwa ban bar su sun zuba shi gaba ɗaya ba, ƙasar kabari tana zama, in aka yi garaje daɓe zai lotsa. Kaɗan kaɗan aka zuba ana takewa. A sama na baje jar ƙasa, na yayyafa ruwa, na ce a sa sakata, kada kowa ya taka. Makuba babu ko ta magani a garin. Na bi ta gidan majemi na roƙi bagaruwa, na daka na jiƙa. Bagaruwa tana riƙe daɓe, amma baƙi take ba shi.

Abin da ɗan'uwanku ya gani ke nan ya ce ba a iya ba. Ku zuba simintinku, masu majami'a suka sa ku, ba ni da ta cewa. Amma daga dakalin ƙarshe zuwa bango, kada wanda ya sa ƙarfe. Ku bi ta kai a hankali. In kuna son sanin abin da ya biyo baya, yunwa ta wuce kamar yadda Hajo ta ce, aka koma aure, ita ta riƙa jan mata zuwa ɗakunan amare. Ni gindin rumbu na yi ta yi har gwiwa ta ƙi.

Washegarin binne Laure da sassafe na sauko da madaɓina daga inda yake rataye, na share saƙar gizo, na ɗauki tukunyar bagaruwa da ƙwaryar burji na hau tudu. Na tarar da sawun kura ya kewaye ginin, ya tsaya a bakin ƙofa, ya koma. Hajo na zaune a gindin aduwa da wani guntun katako a cinya.

Ta ce, "Ki ba Gwamma wannan ta buga, ke ki tsaya ki nuna mata. Ki mai da naki gida. Ni ban ga komai ba."

Na karɓi katakon na juya shi. Ba shi da nauyi, ba shi da ciki. Na ce, "Da wannan, kafin kaka ya lotsa." Na mayar mata.

Na zare sakata na shiga. Na dunƙula ƙasar na buɗe, ta yi. Na watsa burji, na durƙusa jikin bangon arewa, na faro daga kai ina ja da baya zuwa ƙafa. Mutum ɗaya ba ya bukatar waƙa, ban yi ba. Na buga, na yayyafa bagaruwa, na sake bi, na haɗa bakin sabon da bakin na Laure har farce bai shiga tsakani ba. Da rana ta shigo ta tagar gabas na ciro ƙodagon Goggo na jefa.

Ya ce ƙwal.

Na tsince shi, na goge madaɓin da bakin zanena, na hau dakali na soke shi tsakanin azara da bango, daidai saman kanta. Na fito na ce wa Saratu ta riƙa ba wurin ruwan tukunyar nan safe da yamma har ya ƙoshi.